Kiwon Fayil: Hanyar Samun Aikin Koyarwa a Firamare

Kai mai neman aikin koyarwa, ajiye wayar nan ka saurara. In mace ce ke, maganar ɗaya ce. Duk wanda ya bi matakan nan daki-daki, za a ɗauke shi aiki. Ban ce wataƙila ba. Na gwada a gidana, kuma an ɗauka.

Sunana Kassimu, manomi a Unguwar Gawo, wajen Makoda. Bokona na yaƙi da jahilci ne, ya kuma ishe ni. Autata Sauda ta gama karatun malanta, ta dawo gida da takardar En-Si-I. Sai aka ce za a ɗauki malamai, kuma akwai gurbi ɗaya a firamaren garinmu, wadda katangarta ke jingine da gonata. In ta samu, tana gida. Ta fita da safe, ta dawo da azahar, ina jin muryarta daga cikin dawa. In ba ta samu ba, yayanta Abba ya ce ta bi shi birni ta tsare masa shago. Na ce 'yar da na haifa ba za ta zauna tana auna wa mutanen birni sukari ba. Abin da na faɗa wa jama'a ke nan. Gidan kuwa in babu ita, daga ni sai uwarta sai rediyo.

Aka ce kowa ya zo da abin da suke kira fotfoliyo. Na tambaya, aka ce fayil ne da mutum zai tara shaidar cewa ya iya koyarwa. Na ce to a ce fayil mana. Na karɓi ragamar aikin. Ga yadda ake yi.

Mataki na ɗaya: Ka sayi fayil mai ƙashi

Fayil kamar ragon kasuwa ne. Mai saye ba ya tambayar abin da ya ci, ɗaga shi yake yi ya ji nauyi. Kada ka sayi mai laushin nan da ake naɗewa a sa a aljihu. Ka nemi mai marfin kwali, mai ƙarfe a ciki, wanda in ka rufe shi na waje zai ji.

Ranar kasuwar Makoda muka je shagon Sama'ilu mai hoto da buga takardu. Sauda ta ɗauko wani siriri shuɗi.

"Baba, wannan ya isa. Malaminmu ya ce a taƙaice ake so, abin da za a karanta a zama ɗaya."

"Malamin naku shi zai ɗauke ki aiki?"

"A'a."

"To ajiye."

Sama'ilu ya shiga ciki ya fito da wani baƙi, yana goge shi da hannun riga. Ya ce tun da ya buɗe shago ba wanda ya taya shi, wai na masu shari'ar gona ne. Na ɗaga. Na ce a ɗaure a bayan babur.

Ka riƙe wannan: siririn fayil, siririn rabo.

Mataki na biyu: Kada ka raina takarda

Ka sami rumbu, saura hatsi. Ka zuba duk takardar da aka taɓa rubuta sunanka a kai. Ta En-Si-I, ta sakandare, ta firamare, ta Islamiyya, ta haihuwa. Luba, uwar Sauda, ta zazzage ƙasan adaka ta fito da katin awon jarirai. Na sa shi.

"Baba, me ya haɗa nauyina ina goye da koyarwa?"

"Ya nuna tun farko gaba kike yi."

Maƙwabta za su kawo gudummawa. Wani ya kawo min takardarsa ta ƙungiyar manoman gyaɗa, wani ta koyon ɗinki. Ka yi godiya, ka mayar. Takardar wani sata ce, mu kuwa ba ɓarayi ba ne. Amma taka, ka buga kowacce sau biyu, ka sa a rufe ta da ledar nan mai tauri. Ledar tana hana ruwa, tana kuma ƙara kauri. Maimaita gaskiya ba ƙarya ba ce.

Mataki na uku: Falsafa

Za su ce ka cika shafi guda da falsafarka ta koyarwa. Wato me ya sa kake so ka koyar, kuma ta yaya. Kada ka rubuta cewa wani aikin ne babu. Kowa ya san haka, ba a rubutawa.

Sauda ta daɗe a kan nata, sannan ta karanta min a zaure. Wai kowane yaro da irin tafiyarsa, malami ya bi shi a hankali, ya saurare shi, kada ya firgita shi.

"Ina maganar bulala?"

"An hana, Baba."

"To me za ki riƙe a hannu?"

"Alli."

"Alli yana sauko da yaro daga kan mangwaro?"

Luba ta ɗaga murya daga tsakar gida. "Malam, kai da aka yi maka bulalar, ina digirin?"

Ba kowace magana dattijo yake ji ba.

Ka bar shafin yadda ka rubuta. Ka dai tabbata akwai "ci gaban al'umma" a layin farko da na ƙarshe. Tsakiya ba mai zuwa wurin.

Mataki na huɗu: Tsarin darasi

Wannan takarda ce da ake ja wa layuka, a rubuta abin da malami zai yi daga shigarsa aji har fitarsa. Ka rubuta ta don makarantar da ke cikin takarda, ba wadda ke bayan gonata ba. A makarantar takarda kowane yaro yana da benci da fensir, ya kuma karya kumallo. Kwanon rufi ba ya yoyo. Babu ranar kasuwa. Babu uban da zai leƙo ta taga ya ce, "Malama, ara min shi, shanu sun shiga gona."

Sauda ta rubuta cewa yara za su dubi taswirar da ke bango. Na ce wane bangon? Na aji uku ya faɗi tun waccan damina. Ta ce haka aka koya musu. Na ce madalla, ashe makarantar taku ta san abin da take yi. A bar taswirar.

Mataki na biyar: Kayan koyarwa

Ana so a ga hannunka yana aiki. Ka manna abubuwa a kwali: karan dawa na ƙirga, marfin kwalba, haruffa. Sauda ta tsara haruffa da ƙwayar gero, ta manna da ƙaro, tun daga farko har ƙarshe. Ya yi kyau. Ban faɗa mata ba. Ta shanya a tsakar gida ta shiga sallah. Kafin ta idar, kajin Luba sun yi karatu har rabin kwalin.

Ka yi da tsakuwa. Ba mai ci, ta kuma fi nauyi.

Mataki na shida: Shaidar hali

Ka je wurin hedimastan da ka yi koyon aiki a ƙarƙashinsa. Kada ka je hannu rabbana. Ban ce cin hanci ba. Kwanon gyaɗa gaisuwa ce. Zai ce bai tuna ka ba, ka rubuta da kanka ya sa hannu. Ka yabi kanka daidai gwargwado, kamar yadda shi zai yi da yana da lokaci. Hatimi ne abin nema. Ya fito sosai, ko da a kife aka buga.

Mataki na bakwai: Hoto

Nan aikin yake. Dole a ga hotonka kana koyarwa. Sauda ta yi koyon aiki zango guda ba ta ɗauki ko ɗaya ba, wai koyarwar ce ta ɗauke mata hankali. Kuskuren yara ke nan. Koyarwar da ba a ɗauka a hoto ba, ba a yi ta ba.

Ga makaranta tana hutu, ga cirar gyaɗa ta kama, yara duk suna gona.

"Baba, a samo min yara kamar goma a maƙwabta. Mu shiga aji, Sama'ilu ya ɗauka, shi ke nan."

Ka ji maganar wadda ta daɗe a makarantar kwana. Yara goma daga gidan wa? In ka kira ɗan gidan gabas ka bar na gidan yamma, ka sayi gabar da za ta kai wata kaka. A garinmu aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya gayya ake yi masa. Noma, yaɓe, ɗaukar jinka. Ba a zaɓen gida a gayya. A masallaci ake faɗa, kowa ya ji da kunnensa.

Bayan sallar asuba na miƙe. Na ce, "Jama'a, jibi da hantsi akwai gayyar hoto a makaranta. Ta Sauda ce. Kowane gida ya taimaka da yaro." Liman ya ce Allah ya sa albarka. Luba ta aro manyan tukwane ta ɗora kunun gayya.

Na ce yaro. Ban ce nawa ba. Mai 'ya'ya da yawa ya ga in ya turo ɗaya, sauran za su yi kuka. Matan aure suka aika wa danginsu na ƙauyukan gefe, don kada a ce an yi abu an ɓoye musu. Aka yi wa kowa wanka, aka shafa mai, aka ciro kayan sallah. 'Yan mata suka zo da ƙannensu a goye. Ranar nan gyaɗa ta wuni ita kaɗai a gona, ba wanda ya yi ƙorafi.

Aji ya cika, suka hau taga. Muka fito fili, aka jingina allo a gindin ɗorawa. Sama'ilu ya ja baya, ya ƙara ja, har ya taka min wake. Daga ƙarshe aka turo amalanke ya hau.

"Baba Kassimu, wannan ba hoto ba ne, ƙidayar jama'a ce!"

"Ɗauka kawai. Kowa ya fito."

"Wayar tawa ma tsoro take ji."

"In ka bar ɗan wani a waje, kai za ka je ka yi wa uwarsa bayani."

Ya gyara tsayuwa.

Hayaniya kuwa ba a magana. Wannan ya taka wancan, wancan ya ƙwace hular wannan, goyo suna tsala ihu. Sauda ta tsaya gaban allo kamar za ta yi kuka. Can sai ta tafa hannu, ta ɗauko wata waƙar ƙirga. Na gaba suka amsa, na baya suka kama. Kafin a jima duk sun zauna, har masu goyon. Ta rubuta harafi a allo ta ce a faɗa. Suka faɗa, tsuntsaye suka watse daga kan ɗorawa. Nan Sama'ilu ya danna. Ni ina gefe. Wani abu ya faɗa min a ido, ina jin ƙaiƙayi ne.

Da hoton ya fito, kawuna ne har ƙarshen takarda, Sauda can gaba ƙarama kamar ƙwayar riɗi.

"Baba, kada a sa wannan. Ba aji ba ne. A yanke, a bar layin gaba."

"A yanke 'ya'yan wa?"

Ta san uwar kowane yaro a layin baya, ta kuma san bakinta.

Na sa Sama'ilu ya buga shi babba, cike da shafi. Na ɗora shi a farkon fayil, gaban En-Si-I ma. Abin da jama'a suka haɗu suka yi ba ya zama a baya.

Mataki na takwas: Ranar intabiyu

Ka sa kaya masu guga, ka riƙe fayil da hannu biyu. In ka shiga kada ka ajiye shi a hankali. Ka sake shi a kan tebur ya yi tim. Wannan ce gaisuwarka ta farko.

Ka je da babba. Ni na raka Sauda. Aka ce iyaye su tsaya waje, na tsaya waje, a jikin taga. Taga ai waje ce.

Babban masu ɗaukar wani Malam Abdulkabir ne, mai tabarau a goshi, da abokan aikinsa a gefe. Tun safe suke karɓar siraran fayiloli suna hamma. Namu ya sauka, kofin shayinsa ya yi tsalle. Ya buɗe marfi. Bai wuce shafin farko ba. Ya sauko da tabarau, ya taɓo na kusa da shi.

"Malama, duk waɗannan ke kike koya musu?"

"Ranka ya daɗe, wato yadda abin ya faru…"

"Ke kaɗai a gabansu?"

"Ni kaɗai ce, amma…"

"Ba mataimaki? Ba bulala? Kuma duk a zaune?"

Na ga tana shirin ɓata aiki da bayani. Yaran zamani, in an yabe su sai su fara kare kansu. Na zura kai ta taga.

"Ita kaɗai, yallaɓai. Ni shaida ne. Ko ninkin haka aka tara mata, tafi ɗaya za ta yi."

Sauda ta juyo ta yi min irin kallon uwarta. Malam Abdulkabir ya ce, "Dattijo, mun gode, a koma inuwa." Ya rubuta wani abu ya ja masa layi a ƙasa. Ba a tambaye ta falsafa ba. Ba a kai ga tsakuwa ba. Kada ka ce an yi asararsu. Da fayil ɗin bai yi nauyi ba, da ba a buɗe shi da ladabi ba.

Mataki na tara: Ka karɓi nasararka

Sunaye suka fito, na Sauda ne a sama. Na yanka zakara. Ana figar sa ta karanta takardar har ƙasa, sai ta zauna a kan turmi.

An tura ta Tudun Kalgo, can bayan Rimin Gado. Daga nan sai ka hau babur, ka shiga bas, ka sake wata, ka ƙarasa da babur. Makarantar aji shida ce, malami ɗaya, shi ne hedimasta, shi ma ya kusa ritaya. Gurbin garinmu kuwa aka ba wani saurayi mai fayil kamar ɓawon albasa.

Na sa babbar riga na koma ofishin.

"Yallaɓai, an yi kuskure. Makarantar bayan gonata muka nema."

"Babu kuskure, Baba. Makarantarku kowa zai iya da ita. Can kuwa mun daɗe muna neman wanda zai riƙe taro shi kaɗai. Duk wanda muka tura sai ya gudo. Sai Allah ya kawo mana 'yarka."

"Hoton nan gayya ce."

"Gayya?"

"Yaran gari ne aka tara."

"To can ma yaran gari ne, Baba. Kuma kai da bakinka ka ce ko ninkin haka."

A gaban mutane na faɗa. Dattijo ba ya lashe amansa. Na gyara hula, na ce haka ne, na faɗa. Na fito.

Darasin wannan mataki: ka karɓi takardarka, ka yi godiya. Ba a jayayya da nasara.

Mataki na goma: Ka taƙaita bankwana

A gida na ce wa Sauda in ba ta so ta bari, a jira wani ɗaukan. Ban dube ta ba da nake faɗa.

"Baba, yaran can fa? Su ma 'ya'yan wasu ne."

Luba tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Ai sai ka tashi bayan asuba ka kira wata gayyar, a je a dawo da ita."

Wannan ma ban ji ba.

Na je da kaina na ga garin. Na ga hedimastan, na ga matarsa, na ga ɗakin da za su ba ta a cikin gidansu. Mutanen kirki ne. Na so in sami abin kushewa, ban samu ba.

Ranar tafiya ka raka zuwa bakin titi. Kada ka yi dogon wa'azi, mai babur yana jira. Ta durƙusa. Na ce, "Ki riƙe sallah. Ki ci abinci. In sun fi ƙarfinki…"

"Tafi ɗaya zan yi, Baba."

Babur ya tashi. Na ɗan tsaya har ƙararsa ta ɓace, don akwai wata gonar dawa a gefen titi da nake so in duba.

Yanzu da safe ina jin saurayin nan ta bayan katanga yana fama da yara. Yana ƙoƙari. Muryarsa ce dai ba ta kai ba. Na mayar da ƙarfina ɗaya gonar, ta wajen rafi. Ƙasar can ta fi kyau.

Sanarwa

Matakan nan suna aiki, ban janye ko ɗaya ba. Amma hanyar samun aiki na koyar, ban koyar da inda za a kai mutum ba. Duk wanda ya bi su aka jefa shi inda mota ba ta zuwa, ko aka tara masa yaran gari guda shi kaɗai, ko ya ɓata da maƙwabta a kan layin baya, kada ya zo min zaure. Ba ni na aike shi ba. Ya je ya sami mai tabarau.

Kai kuma uban da 'ya ɗaya ta rage masa a gida, in ka ga wannan takarda a hannunta, ka karɓe ka ba uwarta ta hura wuta. In ka bari ta karanta har ƙarshe, ruwanka.